Dogon Dutsi a lokacin ɗari: tafiyar da ba biki ba ta'aziyya



In aka ga mace ta ɗaure kaya ta nufi tasha, tambayoyin da ake yi mata sanannu ne: wa ya haihu, wa ake yi wa aure, wa ya rasu? In ta ce babu ko ɗaya, sai a ce to sari za ki ko asibiti? A ce mace ta biya kuɗin mota don kawai ta ga wani gari ta dawo, wannan bai cika shiga kunnen mutane ba. Da yawa cikinmu mun taka garuruwa biyar ko goma, amma abin da muka sani a cikinsu bai wuce tsakar gidan biki da bakin murhu ba. A kai ki da dare, ki kwana biyu kina wanke-wanke da gaisuwa, a maido ki tasha da asuba. In aka tambaye ki yaya garin yake, sai ki ce wallahi mutanen kirki ne.

Mu biyu ne muka yi wannan tafiya, ƙawaye tun muna ƴan mata, kuma asusunmu ɗaya a nan Maraɗi. Ɗayanmu ƙuli-ƙuli da man gujiya take sayarwa, ɗaya kuma ɗinki take yi. Da aka yi rabon ƙarshen shekara, kowace ta ware jikka talatin daga cikin rabonta, muka ce wannan ita ce iyaka: kuɗin mota, abinci, tsaraba, duk su shiga ciki. Bari mu faɗa tun yanzu kafin wata ta yi mana fassara: ba da kuɗin bashi muka tafi ba. Kuɗin da aka ranta daga akwati na sana'a ne, yana da ranar biya, ba a hawa mota da shi a je kallon dutsi.

Lokacin ɗari muka zaɓa don shi ne lokacin da mace ke ɗan samun kanta. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, hanya ta bushe, kuma zafin Afrilu da Mayu, wanda ke mai da mota tanda, bai iso ba tukuna. Ga shi kuma lokacin ne lambunan noman rani ke kore shar. Abin da za ki biya shi ne hazo da mura da faso. Abu ɗaya da za a kula: in tafiyar ta faɗo kwanakin kokowar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma take zagaya jihohi, to garin da ke karɓar baƙi a shekarar ba wurin neman masauki ba ne, motocinsa ma cike suke. Mu mun bari aka gama, muka tashi a tsakiyar Janairu.

Zaɓen garin ne ya ci mana kusan mako biyu, har muka fara jin haushin juna.

Yamai ta fara faɗowa a baki, ta kuma fara fita. Kilomita fiye da 600 ce daga nan, yini guda cur a mota, kuma kuɗin taksi kaɗai zai cinye rabin abin da muka ware. Agadas ce mai ɗinki take mafarki, saboda tsohon masallacin nan mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, da tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Amma zuwa da dawowa kaɗai za su cinye kwanakin duka, sai dai mu gaida hasumiya daga tasha mu juyo. Damagaram mun sha zuwa, mun ga fadar sarki da Birni, kuma garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 ba ya buƙatar mu tallata shi. Ƙonni kuwa mun san halinmu: da mun ga atamfa da kwanukan da ke shigowa ta Illela, jikka talatin ɗin ba za ta ga la'asar ba. Tasawa tana kusa, to amma dangi sun yi yawa. Kafin mu ajiye jaka an riga an samo mana sunan da za mu je da marar lafiyar da za mu duba.

Miriya ce ta kusa cinyewa. Kilomita kamar 20 ce gabas da Damagaram, ga lambuna, ga kukoki, ga matan da suka yi suna wajen ginin tukwane da tuluna. Abin da ya hana shi ne kasuwarta ranar Lahadi take ci, ke nan sai Litinin za mu dawo, ranar da mai ƙuli ke kai wa masu sari kaya. Mun ajiye ta sai baɗi in Allah ya kai mu. Ku ƴan uwa na Damagaram, Magarya da Matamaye, ku da take bakin ƙofarku, ban da ku a wannan uzuri.

Dogon Dutsi ta shigo maganar ne kamar wasa. Duk wadda ta taɓa zuwa Yamai daga gabas ta ratsa ta. Mota ta tsaya, a yi salla, a sayi abin taɓawa, direba ya danna oda, a wuce. Muka lissafa, tsakaninmu mun ratsa garin ya fi sau goma, kuma ba wadda ta taɓa yin taku ɗari daga bakin hanya. Kullum ta taga muke hango jajayen duwatsun nan muna cewa wata rana. Da muka duba, sai muka ga ana isa da rana tsaka in an yi sammako, kasuwarta ranar Juma'a take ci, kuma wata ƴar asusunmu tana da yaya da ke aure a can. Wannan na ƙarshen shi ya yanke magana. Mace biyu ba sa sauka garin da ba su da mai cewa "sannunku da zuwa".

Sai maganar gida. Mai gidan ɗayanmu ya yi dariya ya ce, "Dutsi? Me kuka ajiye can?" Na ɗayar bai yi dariya ba, maganar tsaro ya kawo, kuma yana da gaskiya. Kowa ya san an sha jin labarin tashin hankali a wasu ƙauyukan arewacin yankin a shekarun nan. Ba mu yi gardama ba. Muka kira matar da za ta sauke mu, ta haɗa mai gidanta da namu a waya, maza suka yi maganarsu. Aka tsaya a kan cewa da rana za mu yi tafiya, zuwa da dawowa, ba za mu fita daga gari ba sai da shawarar masu gida, kuma kowace tasha za mu kira. Duk wadda za ta bi sawunmu ta yi wannan tambayar a makon da za ta tashi, kada ta dogara da abin da muka tarar, don labarin hanya yana sauyawa.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba muka shiga mota, kowace da bargo a kafaɗa kamar masu jinya. Kilomita ta kusa 400, duk a kan babbar hanyar nan ta ɗaya. Tibiri da Gidan Rumji cikin hazo muka wuce su, ba mu ga komai ba. A Madawa rana ta fara dukan gilashi, masu tabarma suka taso. Galmi kuwa ko ido rufe kin san kin iso, don albasar da ta kai sunan garin har ƙasashen waje ita ke yi miki maraba. Daga nan Malbaza da masana'antar siminti, sai Tsarnawa inda hanyar Tawa ke haɗuwa da tamu, sai Ƙonni. Ku na Tawa, a nan za ku shigo. Ku na Yamai kun fi kowa sauƙi, ba ku kai kilomita 300 ba, ta Dosso. A riƙe katin ɗan ƙasa a kusa, kada a cusa shi ƙasan jaka, ana tambayarsa a shingaye.

Bayan azahar muka sauka. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne yadda garin ke da faɗi da zarar an bar bakin hanya. Ƙidayar 2012 ta ba shi mutum wajen dubu 37, yanzu kuwa ya fi haka nesa. Yana kwance ne a gefen Dallol Mawri, wato wani tsohon kwarin kogi da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani, ya bar rairayi a ƙasa da duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai a gefe. Duwatsun ja ne, wani wurin kamar an yanka su da wuƙa. Da yamma in rana ta sunkuya sai su yi kamar garwashi.

Mai masaukinmu ta girme mu, yaya muke ce mata. Muka miƙa ƙuli-ƙuli da galan ɗin man gujiya, ta ce, "Haba ƙannena, ku da kuka zo ganin gari, har da wahala?" Ta karɓa dai. Uwar mijinta, tsohuwa mai tsagar Arawa daga bakin leɓe har kunne, ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyana, ku ce dai wani abu ya kawo ku." Muka ce wallahi Inna gari muka zo gani. Ta yi shiru, can ta ce ita shekarunta sun fi saba'in, ta je Maraɗi sau uku, ba ta taɓa ganin kasuwar Maraɗi ba.

A bakin wannan tsohuwa muka ji tarihin ƙasar, muna zaune gefen wuta da dare. Nan ce ake kira ƙasar Arewa, mutanenta Arawa, Zabarmawa kuma na ce musu Mawri. Tarihin baka ya ce Gubawa ne suka fara zama, su ne masu ƙasa. Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo, aka ba shi ɗiyar Baura na Bagaji, kuma daga zuriyarsa sarautar Arewa ta fito, wadda Matankari ta daɗe tana riƙe da ita. Ke nan wannan Arewa sunan ƙasa ce da mutanenta, kada a rikita ta da arewar da ke kallon kudu. Hausarsu tana kusa da tamu, amma akwai kalmomin da sai mun ce "me?" a maimaita mana, yara na ta dariya.

Juma'a kasuwa. Ba ta kai ta Maraɗi girma ba, kuma ba ma so ta kai. Daɗinta shi ne kana gane daga inda kowane kaya ya fito. Ga Fulani da nono da man shanu, ga Zabarmawa ana ta "fofo", ga Buzaye a wajen dabbobi, ga rake da aka ɗauko daga kudancin kwarin, ga wake da gujiya da yakuwa na matan ƙauye a ƙananan kwanuka. Mai ɗinki ta tsaya wajen teloli tana leƙen yadda suke yanka wuyan riga, ta ce nasu ya fi namu faɗi. Mai ƙuli ta sayi ƙulin garin na dala biyar don ta ɗanɗana, ta tauna, ta ce ba laifi, wanda a bakinta babban yabo ne. In za ku je, ku shiga da hantsi, don da an kusa sallar Juma'a rabin masu kaya sun rufe, sai bayan an sauko kasuwa ke sake tashi.

Amma abin da ya riƙe mu a Dutsi ba kasuwa ba ce, lambu ne. A gefen gari akwai tabkin da suke kira Tabkin Saw, inda ruwan damina ke taruwa, kuma kewayensa da sauran fadamun kwarin mutane ke noman rani. Yaya tana da ɗan fili a can tare da matan ƙungiyarsu, ta kai mu ranar Asabar da sassafe, sanyi na cizon yatsu. Salati, kabeji, tumatir, albasa, duk akwai, amma sarkin wurin shi ne dankalin turawa. Mu da muke ganinsa a faranti ranar biki, ba mu taɓa tsayawa a gonarsa ba sai ranar.

Ta yi mana bayani tana ban ruwa, ba ta ko ɗaga kai. Dankalin turawa ɗan sanyi ne. In dare bai yi sanyi ba sai ya yi ta ganye, ƙasa ba komai. Shi ya sa ake shuka shi wajen Nuwamba, ya yi kamar wata uku, a haƙe kafin zafi ya sauko. Wanda ya makara da shuka ya yi wa zafi aiki. Irin kuma ba kamar na gero ba ne da za ki ɗebo daga rumbu: yawanci daga Turai ake kawo shi, da tsada, kuma lokacin sayensa ake buƙatar kuɗi a dunƙule. A nan asusunsu ke shiga. Sun daidaita lokacin ba da bashi da lokacin sayen iri, biya kuma bayan an haƙe. Muka dubi juna, don mu a ƙungiyarmu ba mu taɓa zama mun auna watan da kowace ta fi buƙatar kuɗi ba, duk wadda ta riga ɗaga hannu ita ke ɗauka.

Ciwon kansu kuma ɗaya ne, kuma duk mai sayar da tumatir ta san shi. Kowa lokaci ɗaya yake shuka, kowa lokaci ɗaya yake haƙa. Dankali ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, ga zafi na tahowa, kuma shi ba ya jure zafi, in ya kwana biyu a ɗaki mai ɗumi sai ya fara tsiro ko ruɓa. Mai bashi a wuya ba ta iya jira, dole ta sayar a yadda ɗan sari ya ce. Bayan wata biyu ko uku kuma ga shi ya yi tsada a Yamai da Maraɗi, amma ba a hannun wadda ta yi ban ruwa ba. Shi ya sa manoman can suka dage kan maganar ɗakin ajiya mai sanyi, kuma sun samu masu kama musu, ciki har da mutanen Orsay, wani gari a Faransa da ke ƙawance da Dutsi. A ganinmu wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a garin, ta fi duwatsun da muka zo kallo.

Duwatsun ma mun hau, da la'asar, yaron gidan na gaba muna binsa muna haki. Akwai wanda suke kira Tozon Bijini, kuma in kin tsaya daga nesa kin ga dalilin sunan, kamar tozon sa ne ya kwanta. Mu ba mu kai ƙololuwa ba, mun tsaya inda gwiwa ta ce ya isa. Ko daga nan ana ganin garin duka, da koren lambuna a gefe ɗaya kamar an shimfiɗa darduma, da babbar hanya da motoci ke wucewa ƙanana, cike da mutanen da ke leƙe ta taga. Kada a hau da silifa, tsakuwar tana zamewa, kuma a ɗaure zani da kyau, iskar sama ba ta da kunya.

Wurin da muka so zuwa ba mu je ba shi ne Lugu, ƙauyen Sarauniya. Duk ɗan Nijar da ya shiga lakwal ya ji sunan Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya da mutanenta a Afrilun 1899 suka tari rundunar Faransawan nan biyu, Voulet da Chanoine, lokacin da wasu garuruwa da yawa suka watse ko suka miƙa wuya. Rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni ɓarnar da har yau ake faɗi, kuma a watan Yuli na shekarar sojojinsu da kansu suka kashe su a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Ashe hanyar da muka biyo a mota cikin rabin yini, kusan ita ce suka bi da wuta. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Har yanzu ana naɗa Sarauniya a Lugu, kuma mutanen wurin na riƙe da al'adun kakanninsu. Mai gidan yaya ya ce hanyar ba ta kwalta ba ce, kuma a kwanakin bai ga dalilin da baƙi mata za su bi ta ba. Alkawari muka ɗauka tun daga gida, don haka muka zauna. Inna ta ce ba komai, ita kakarta ta ba ta labarin, ta kuma ba mu shi har wuta ta mutu.

Wadda za ta je ta ɗauki bargonta, kada ta ɗora wa masu gida, don a ɗari ba gidan da ke da bargon baƙo. Ta ɗauki man kaɗe, da safa, da ɗan mayafin rufe hanci saboda ƙura. Ta riƙe canji, masu ƙananan kaya ba sa iya fasa jikka biyar. Tsarabar masu masauki kuma a sa ta cikin lissafi tun farko, ba sai abin da ya rage ba.

Ranar Lahadi da safe muka juyo, da ɗan buhun dankalin farko da yaya ta haƙa mana, ta ƙi karɓar ko dala. Kuɗinmu bai ƙare ba, saura kaɗan a bakin zani. A mota mai ƙuli ta fiddo takarda ta fara lissafi: in ƙungiyarmu ta sayi dankali kai tsaye daga hannun matan Dutsi a lokacin haƙa, ta biya su fiye da abin da ɗan sari ke ba su, nawa ne kuɗin buhu a mota zuwa Maraɗi, buhu nawa za mu iya sayarwa cikin mako ɗaya kafin ya lalace, kuma wa ke ɗaukar asara in ya ruɓe a hanya? Mai ɗinki ta ce a fara da buhu biyar, mai ƙuli ta ce goma. Har Madawa ba mu daidaita ba. Mun sa maganar cikin abin da za a tattauna a zaman asusu na mako mai zuwa, kuma yaya ta ce mu ba ta amsa kafin tsakiyar Fabrairu, don lokacin ne za su fara haƙa gadan-gadan.